Doki na Masu Hali, Fage na Kowa

Kafin zuwan inji da masana'antu, wasan mutum a ƙasar Hausa yakan nuna gidan da ya fito. Kilisa da hawan sallah na masu sarauta ne, domin riƙon doki sai mai hali. Dambe kuwa an san shi da mahauta, masu bin garuruwa da kaka, a naɗe hannu ɗaya da zare, a saki kalangu, a shiga fage. Kokawa ta manoma ce, bayan hatsi ya shiga rumbu.

Wannan rabo ya biyo mu har zangon da muke zaune. Idan muka zauna tsara bikin sallah, kuɗin hayar dawaki ba ya jawo gardama. Amma da zarar matasa sun nemi fagen kokawa, sai a ce wasan 'yan tasha ne. A ganinmu wannan kuskure ne.

An ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi kokawa da Rukana, kamar yadda ya shirya tseren dawaki. A Nijar an fara gasar takobi a Tawa a 1975, ga shi yau manyan ƙasa ke zaman kallo. Waƙoƙin Ɗan Anace sun kai sunan Shago inda na hakimai da dama bai kai ba.

'Ya'yanmu suna tasowa cikin harsunan maƙwabta. Kirarin fage na cikin 'yan wuraren da za su ji Hausa tsantsa. Saboda haka bana a ware wa kokawa rabonta, dattawa su yi alƙalanci, a tashi kafin magariba. Allah Ya sa mu gane.