Dokar Cacar Intanet: Wa Ta Kora, Wa Ta Bari?

A watan Oktoba na shekarar 2006 ne Shugaba George W. Bush na Amurka ya rattaba hannu a kan dokar da ta haramta wa kamfanonin cacar intanet karɓar kuɗi ta hanyar bankuna da katunan biyan kuɗi. Dokar ba ta ce a kama ɗan caca ba. Hanyar kuɗin ta nufi toshewa.

Kamfanonin da ke sayar da hannun jari a kasuwar Landan su ne suka fara ji a jikinsu. A rana guda darajar jarin PartyGaming ta faɗi da fiye da rabi, shi da kamfanin 888 suka tattara nasu-ya-nasu suka bar Amurka. Amma PokerStars da Full Tilt Poker suka yi kunnen uwar shegu, suka gaje kasuwar da aka bari. Sai a ranar 15 ga Afrilun 2011 ne hukuma ta ƙwace shafukansu. A nan asiri ya tonu: 'yan caca suna bin Full Tilt kimanin dala miliyan 390, alhali abin da ke asusunsa bai wuce miliyan 60 ba.

A nawa ganin, darasin a fili yake. Dokar da aka kafa ba a bi ta da aiwatarwa ba, mai tsoron hukuma kawai take kora, ta bar filin ga marar tsoro. Kusan shekara biyar aka yi a haka, kuma ɗan caca ne ya kwana a ciki.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. A watan Nuwamban 2024 Kotun Ƙolin Nijeriya ta yanke hukuncin cewa tsara harkar caca hurumin jihohi ne. A shekarar ce kuma Hukumar Hisbah ta Kano ta garƙame shagunan cacar ƙwallo. Abin tambaya a nan shi ne: wane kwaɗo ne zai rufe shagon da ke cikin aljihun matashi? Caca ta koma waya, kuɗinta kuwa ta banki suke bi, kuma bankuna suna ƙarƙashin ikon Babban Banki ne.

Don haka duk jihar da ke son hana caca da gaske, wajibi ne ta zauna da Babban Banki da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa tun kafin ta rubuta doka. In ba haka ba, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.