Malam, Buɗe Gafakar Nan

Daga Maiwurno zuwa kambunan Jazira, idan ciwo ya kama mutum, ƙofar farko da ake ƙwanƙwasawa ta malam ce. Ana zuwa asibitin Sinnar ko Madani ne bayan rubutu da turare da sakiya sun gaza. Kowa ya san haka, har likitocin da ke yi kamar ba su sani ba. Ban ga laifin talaka ba: malam yana kusa, yana jin harshensa, yana karɓar abin da ya sawwaƙa. Rigimata da malaman nan namu ce, waɗanda jama'a suka ba amana mai girman gaske, su kuwa suka mai da ilimin magani asiri, kayan gado, abin da ake rufewa a gafaka har mai shi ya tafi da shi kabari.

Zan kawo misalin wani mutum daga nesa, kuma na san tun kafin in gama wasu za su tsuke fuska. Sunansa Khyenrab Norbu, ɗan ƙasar Tibet, can ƙuryar tsaunukan Himalaya. An haife shi a 1883, ya rasu a 1962. Malamin addinin Buda ne, irin masu zaman zuhudu da ba su aure. Ya yi karatun magani a makarantar Chakpori da ke birnin Lasa, ya haddace manyan littattafan maganin ƙasarsu kamar yadda almajiri ke haddace allonsa, har ya zama likitan shugabansu, Dalai Lama na 13. A nan mutum zai iya miƙe ƙafa ya ci daɗin fada. Shi kuwa a 1916 ya karɓi ragamar sabuwar cibiyar da aka kafa, Mentsikhang, wadda ta haɗa makaranta da asibiti da wurin harhaɗa magani. Ya tara ɗalibai daga gidajen ibada da sassan ƙasar, ya tsara musu darasi da jarrabawa, ya rubuta littattafai. A wannan zamanin ne aka fito da shirin kula da jarirai, ana aika magunguna da bayanin renon yaro zuwa gundumomi, domin jaririn da aka haifa a ƙauye ya sami abin da na birni ke samu. An rushe Chakpori a rikicin 1959, amma ilimin bai mutu ba, saboda ya riga ya shiga takarda da kawunan ɗalibai. A 1961 ma 'yan gudun hijirarsu suka sake kafa irin cibiyar a Indiya.

Mai gardama zai ce, me ya haɗa mu da mai addinin Buda? Ba addininsa na ce a ɗauka ba. Ba kuma cewa nake duk maganinsa gaskiya ne ba, domin cibiyar tasa har lissafin taurari take koyarwa, wanda mu ba mu yarda da shi ba. Abu guda nake nunawa: mutumin addini ne da jama'a suka amince da shi, sai ya ɗauki wannan amanar ya mai da ita makaranta da tsari da hidima ga jariran talakawa. In kuwa sunan baƙo ne ke ɓata wa mutum rai, to ga na gida. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Masalihul Insan a kan lafiyar addini da ta jiki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi wallafe-wallafe a kan magani, har da ciwon ido da basir. Zuriyar wannan gidan ce ta kafa Maiwurno bayan yaƙin Burmi na 1903. Magabatan nan rubutawa suka yi don kowa ya karanta. To daga ina muka samo wannan ɗabi'a ta “ba a faɗa”?

Kada a zaci ɓoyon nan ba shi da farashi. Ku dubi ciwon da ake kira nabit a nan Sudan, wanda likitoci ke ce wa maisitoma. Ƙaya ce ke soke manomi ko makiyayi a ƙafa, ƙwayar cutar ta shiga, wani ɗan kumburi ya fito marar zafi, daga baya ya riƙa fitar da ruwa da 'yan ƙwayoyi kamar tsaba. Jazira da Sinnar na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. A 1991 Jami'ar Khartum ta kafa cibiyar bincike a kansa, a ƙarƙashin Farfesa Ahmad Hasan Fahal, kuma a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin cututtukan da aka yi wa sakaci. In an je da wuri, magani da ƙaramin aikin tiyata kan wadatar. In aka shekara ana sakiya ana ɗaura sassaƙe, ciwon ya ci ƙashi, sai yanke ƙafa. Malamin da ya riƙe irin wannan majinyaci don kada a ce ya gaza, ya sani cewa ƙafar nan tana wuyansa. Haka yaron da ke fitsarin jini bayan wanka a tur'a: tsargiya ce, tana da ƙwayar magani sananniya, ba sammu ba ne. Haka amai da gudawa da suka biyo bayan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023: ruwan gishiri da sukari da ruwan sha mai tsabta ne ke tsai da mutuwa, kuma awoyi kaɗan ne tsakanin rai da ajali.

Su ma masu farar riga ba su kuɓuta ba. Likitan da ke kallon malam a matsayin abokin gaba ya manta tarihin aikinsa a ƙasar nan. A 1921 aka buɗe makarantar ungozoma a Omdurman, inda Mabel Wolff ta ɗauki ungozomomin gargajiya da ba su iya karatu ba, ta koya musu tsabta da gane magani ta ƙamshi da ɗanɗano, suka koma garuruwansu da akwatin aiki. Dakta Tijjani al-Mahi, wanda ake kira uban likitancin ƙwaƙwalwa a Afirka, zama yake yi da shehunai yana koyon yadda suke jinya, ya nemi su yi aiki tare. A Najeriya kuwa an ga iyakar ikon malamai a fili: lokacin da aka yi zargin allurar shan inna a Kano a 2003, rigakafin ya tsaya cak. Da aka jawo malamai da sarakuna cikin aikin, sai ga ƙasar ta rabu da cutar a 2020. Bakin da ya rufe ƙofa shi ne ya buɗe ta.

Abin da nake nema ba ya buƙatar jiran gwamnati, wadda ko kafin yaƙi ba ta cika tunawa da kambo ba. Kowane malami da wanzami da ungozoma a ƙauyukanmu ya rubuta abin da yake bayarwa, da adadinsa, da wanda ya warke da wanda bai warke ba. Ya koyar da ɗalibai a fili, ba ɗansa na cikinsa kaɗai ba. Ya san alamomin da ba hurumin gafakarsa ba ne, kamar kumburin ƙafa da ya ƙi baje wa, fitsarin jini, jijjigar yaro mai zazzaɓi, naƙudar da ta kwana ta wuni, ya ce a tafi asibiti yau, ga addu'a a tafi da ita. Ranar suna kuma, lokacin da limami ke raɗa wa jariri suna, ya tambayi uban ko an yi masa rigakafi.

Wasu za su ce na raina malamai. Da na raina su, da ban ɗora musu wannan nauyi ba. Wanda aka fi yarda da shi, shi aka fi tambaya ranar gobe. Ilimin da ba ya jure wa a rubuta shi, a gwada shi, a gyara shi, ya kamata mai shi ya ji tsoron ba wa ɗan wani ya sha.