GARA A CIKIN ƘASHI

Kowa ya san yadda gara ke cin azara. Daga waje sai ka ga itace lafiya lau, ran da aka aza masa nauyi sai ya karye. To, akwai cutar da ke yi wa ƙashin mutum haka, watau zaizayar ƙashi. Ba ta sa ciwo, ba ta kawo zazzaɓi. Sai tsohuwa ta zame a bakin ruwa, ko wajen sauka daga kwalekwale a Yelwa, a ji ƙugu ko wuyan hannu ya karye. Wata kuma bayanta ya tanƙware, tsawonta ya ragu, mu ce ai tsufa ne.

Masana sun ƙiyasta cewa a duniya, cikin kowaɗanne mata uku da suka wuce shekara 50, ɗaya za ta gamu da irin wannan karaya. Dalili kuwa, in mace ta daina al'ada, sinadarin da ke tsare mata ƙashi ya kan ragu, sai ƙashin ya riƙa zaizayewa da sauri. Karayar ƙugu fa ba wasa ba ce, tsofaffi da yawa ba su sake tashi daga gare ta.

Abin mamaki, rigakafin yana ƙofar gidanmu. Ga kogin Kwara, ga tafkin da madatsar Kainji ta tara tun 1968. Ƙananan kifayen da a ke busarwa a ci har da ƙaya, da nono, da kuka, da zogale, da riɗi, duk suna da kalsiyam, abin da ke gina ƙashi. Hantsi kuma na ba jiki bitamin D. Amma sau da yawa kifi ya tafi kasuwa, tsohuwa na ƙuryar ɗaki da gayan tuwo.

Saboda haka muna roƙon malaman makaranta a Yawuri da Ngaski da Shanga su sanar da iyaye cewa ƙashi ya kan gama ƙarfinsa ne wajen shekara 30, don haka a ciyar da 'yan mata tun yanzu. Ma'aikatan hukuma kuwa su zama abin koyi a gidajensu: a daidaita dandamali, a kunna fitila da dare, a bar tsohuwa ta riƙa taka ƙasa tana shan hantsi. In ta karye daga 'yar ƙaramar faɗuwa, a kai ta asibiti. Mai ɗori zai ɗora karayar yau, amma likita ke da maganin da zai rage haɗarin ta gobe.

Bayan da ya goye mu bai kamata ya karye muna kallo ba. Allah ya sa mu gane.