Ra'ayinmu: Wa Ke Leƙa Yaran da Ke Bayan Kanta?

Ran 1 ga watan Nuwamba 2024 aka gurfanar da mutum 76 a gaban Babbar Kotun Tarayya a Abuja, bisa zargin cin amanar ƙasa, saboda zanga-zangar tsadar rayuwa da aka yi a farkon watan Agusta na shekarar. Da yawa cikinsu yara ne da aka kwaso daga Kano da Kaduna da waɗansu jihohin Arewa. Kafin shari'a ta kankama, huɗu daga cikinsu suka yanke jiki suka faɗi a zauren kotu. Aka sa wa kowannensu beli na naira miliyan 10. Da hotunan suka bazu, ƙasa ta ɗauki kuka, har Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarni a sake su ran 4 ga wata, washegari kuwa Mataimakinsa Kashim Shettima ya miƙa su ga gwamnoninsu.

Kowa ya yi murna, mu ma mun yi. Amma abin da ya kamata ya hana mu barci shi ne wata uku ɗin nan da yaran suka yi a tsare kafin ranar. Ba doka ce ta fito da su ba, ko da yake doka tana bayansu tun daga ranar farko. Abin da ya fito da su shi ne idon jama'a ya faɗa a kansu. To, idan sai da aka yi wata uku kafin a ga yaro a babban birnin ƙasa, inda manyan lauyoyi da 'yan jarida suke, yaya ke nan ga yaron da aka kama a kasuwar Sara, ko a Basirka, ko a Kangire, wanda ubansa bai taɓa shiga ofishin lauya ba?

Muna magana a kan Birnin Kudu da Gwaram ne ba don mun kama wani ofishi da laifi ba. Ba mu tuhumar kowa. Muna magana a kansu domin su ne irin wuraren da ido ba ya kaiwa. Ƙananan hukumomi ne masu faɗi da yawan jama'a, a kudancin Jigawa, dab da iyakar Jihar Bauchi, manyan ofisoshi kuwa suna Dutse tun da aka ƙirƙiro jihar a 1991. Wurin da aka kulle mutum, aka rufe ƙofa, ba mai shiga sai wanda ya kulle shi, wuri ne mai haɗari ko da mutumin kirki ne ke riƙe da mabuɗin.

Mu fara da abin da doka ta ce, gama mutane da yawa suna tsammani ba ta ce kome ba. Sashi na 35 na Tsarin Mulki na 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu kuwa cikin kwana biyu, in ban da laifuffukan da hukuncinsu kisa ne. Dokar 'Yancin Yara ta 2003 ta ce yaro shi ne wanda bai kai shekara 18 ba, ta ce kuma tsare shi kafin shari'a shi ne mataki na ƙarshe, na ɗan gajeren lokaci. Jigawa ta yi tata Dokar Kare Yara, wadda Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya sa wa hannu a 2021. Dokar 2019 da ta canza sunan gidajen yari zuwa gidajen gyaran hali ta hana a ajiye yara tare da manya. Dokar 2017 ta mai da azabtar da wanda ke tsare laifi, ko da wane dalili aka yi shi. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 kuma ta hana a kama uwa ko ƙane a madadin wanda ake nema, ta hana a kulle mutum saboda bashi ko rigimar ciniki.

Wannan dokar ta 2020 tana da wani sashi wanda a ganinmu shi ne zuciyar maganar. Ta ce Babban Majistare, ko majistaren da Babban Jojin jiha ya naɗa, ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda da ke yankinsa aƙalla sau ɗaya kowane wata. In ya je, yana da iko ya sa a kawo masa littafin kame, ya umarta a kai mutum kotu, ya ba da beli nan take ga wanda ya cancanta. Shi ma baturen 'yan sanda an ɗora masa ya riƙa kai wa majistare rahoton waɗanda aka kama ba da takardar kotu ba, wata-wata. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995, an ƙara mata iko a gyaran dokarta na 2010 ta shiga duk inda ake tsare mutane. Akwai kuma hukumar lauyoyin kyauta ta gwamnatin tarayya tun 1976.

Ashe dai ba rashin doka ke damunmu ba. Abin tambaya shi ne, a watan jiya wa ya je, yara nawa ya tarar, me ya yi a kai? Waɗannan tambayoyi ne da kowane ɗan Birnin Kudu ko Gwaram ya kamata ya iya samun amsarsu ba tare da ya san wani babba ba.

Akwai wani abu guda da muke so mu daɗe a kansa, watau shekarun yaro. Duk kāriyar nan da muka lissafta ta rataya ne a kan lamba ɗaya da ake rubutawa a takardar ƙara. In aka rubuta 16, yaro ne: a kira iyayensa, a raba shi da manya, a nemi hanyar sasantawa. In aka rubuta 19, ya zama babba, sai a bi da shi hanyar manya har gidan yari, inda kusan kashi biyu cikin uku na mazauna a Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. A shari'ar Abuja ma, abin da lauyan masu ƙara ya faɗa wa 'yan jarida ke nan, wai manya ne. A ƙauyukanmu kuwa yara da dama ba su da takardar haihuwa. Yaron da ya tashi yana noma da ɗaukar kaya a kasuwa jikinsa kan murɗe da wuri, shi kansa bai san shekararsa ba, yana tsoro, an tambaye shi, ya ce ko nawa ne. Wani lokaci ba mugunta ba ce ke sa a ƙara masa shekara. Sauƙi ne. Gidajen horon yara na gwamnatin tarayya da aka daɗe da su uku ne a ƙasa duka, a Kaduna da Ilorin da Abeokuta, ɗan sandan da ba shi da mota ba shi da kuɗin mai kuwa ya san wanda ya fi kusa. Da zarar lambar nan ta shiga fayil, sai ta bi yaron har ƙarshen shari'a, sai fa in wani daga waje ya dube shi da ido ya ce a'a, wannan bai kai ba, a kira hedimastansa, a kira mai unguwarsu, a kai shi likita ya duba. Ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya nan a Birnin Kudu, ba sai an je nesa ba.

Wannan shi ne aikin mai sa ido daga waje, aiki ne kuwa mara ƙyalli. Yana zuwa ba tare da ya aiko da sanarwa ba, domin ziyarar da aka san da ita shara da wanke bene kawai take haifarwa. Yana ƙirga kawunan da ke ciki, ya gwada da sunayen da ke littafi. Yana magana da yaro shi kaɗai, ba a gaban wanda ya kama shi ba. Yana tambaya: yaushe aka kawo ka, an gaya wa gidanku, ka ci abinci, wa ke kwana tare da kai, an taɓa jikinka? In yarinya ce, mace ce za ta yi tambayar. Ya rubuta, ya kai wa mai ikon gyarawa. Sa'an nan, abin da ya fi duka, ya komo wata mai zuwa ya ga ko an gyara.

Ba mu ne za mu fara ba. A Ingila, bayan tarzomar unguwar Brixton a 1981, rahoton alƙali Scarman ya ba da shawara a bar talakawa 'yan sa kai su riƙa shiga ofisoshin 'yan sanda ba zato, daga baya a 2002 aka mai da abin doka. Afirka ta Kudu ta kafa ofishin alƙali mai binciken gidajen yari a ƙarƙashin dokar 1998, yana da baƙi masu zaman kansu da ke karɓar koke daga bakin 'yan sarƙa. Najeriya ma ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan irin wannan ziyara a 2009.

Mun san abin da waɗansu masu karatu za su ce, kuma ba za mu raina shi ba. Wanda aka fizge wa waya, ko aka sace wa akuya biyu da yake kiwo don kuɗin makarantar 'ya'yansa, ba ya son jin wa'azin haƙƙin ɓarawo. Gaskiyarsa. Yara suna aikata laifi, wani lokaci mummuna. Amma sa ido ba sakin mai laifi ba ne. Nufinsa a tabbata wanda ke ciki shi ne ya kamata ya kasance a ciki, kuma an bi da shi ta hanyar da doka ta shimfiɗa. Yaron da ya saci kaza aka kwantar da shi wata shida da 'yan fashi, in ya fito ba kaza zai sata ba, kuma garin nan zai komo. Shi ma ɗan sanda mai gaskiya ziyarar nan garkuwa ce gare shi, gama ranar da aka yi masa ƙazafi akwai rubutu da zai wanke shi.

Wahalar aikin tana wurin kalmar nan, zaman kai. A ƙaramin gari kowa ya san kowa. Mai ziyara da baturen 'yan sanda suna haɗuwa a wurin suna da jana'iza. In ofishin da za ka bincika shi ya aiko maka mota, shi ya ba ka abincin rana, to bakinka ya yi nauyi tun kafin ka shiga. Haka kuma wanda ya zo da niyyar tozarta ma'aikata ko neman suna a rediyo, ba za a sake buɗe masa ƙofa ba, yaran ne za su yi asara. Ana bukatar mutane masu kunya amma marasa tsoro, irinsu kuwa ba su da yawa, ko da yake akwai su a kowane gari.

A nan maganar ta zo kanmu. Ikilisiyoyi da yawa suna kai ziyara gidan yari, musamman lokacin Kirsimeti. Zumuntar mata ta kai sabulu da shinkafa, matasa su yi waƙa, a yi addu'a, a komo. Wannan abu ne mai kyau, kada a fasa. Amma kada mu ruɗi kanmu cewa sa ido ne. Mun sha shiga, mun ga fuskar da ba ta kai ta zama a wurin ba, muka miƙa mata sabulu muka wuce. Tambaya ɗaya, “Yaro, shekararka nawa, yaushe ka je kotu?”, da kai amsar wurin lauya ko ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, ta fi buhun shinkafa amfani gare shi. Kuma mu faɗa a fili: yawancin yaran da za a tarar a Birnin Kudu da Gwaram 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi ne. Wanda zai je neman “namu” kaɗai, gara ya zauna a gida. Aikin nan sai an yi shi tare da limamai da masu unguwa da hakimai, in ba haka ba ba zai yi ƙarko ba, za a kuma yi masa mummunar fassara.

Saboda haka muna roƙon Babban Jojin Jihar Jigawa ya sa a riƙa manna jadawalin ziyarar majistare a allon kotu, tare da adadin yaran da aka tarar da abin da aka yi a kansu, ba tare da sunayensu ba. Wannan ba ya cin kuɗi. Muna roƙon gwamnatin Malam Umar Namadi ta dubi damar da gyaran Tsarin Mulki na 2023 ya bayar, wanda ya ba jihohi ikon kafa gidajen gyaran hali nasu, ta tanadi wurin ajiye yara da ma'aikatan jin daɗin jama'a a wannan shiyya, kusa da iyayensu. Ƙungiyar lauyoyi ta jiha kuma ta ba da mambobi su riƙa raka majistare, ko da karɓa-karɓa ne. Sa idon kuma ya haɗa da gidajen da masu zaman kansu ke tsare kangararrun yara, gama abin da aka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba 2019, inda aka fito da mutum sama da 300, waɗansu da mari a ƙafa, ya nuna ba hukuma kaɗai ke kulle yara ba.

Ga dattawan ikilisiya, akwai abu biyu da ba sai an jira Dutse ba. Na fari, a cikinmu akwai malaman makaranta da nas-nas da ma'aikatan kotu da suka yi ritaya. A zaɓi mutum biyu ko uku, namiji da mace, a haɗa su da takwarorinsu na gari, a rubuta wa majistare da hukumomin da abin ya shafa a nemi izini da horo, kada a tafi da ka. Na biyu, kowane magidanci ya duba akwatinsa a wannan mako. Duk yaron da ba shi da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, a kai shi ofishin hukumar da ke ƙaramar hukuma a yi masa, a ajiye kwafi ɗaya a gida, ɗaya wurin sakataren ikilisiya.