Kafin ka sayi layin durowa da alanki, auna nauyin kayanka da ƙurar garinku

Aikina rubuta manhaja ne, amma wanda duk ke wannan sana'a a tsakanin Sabiyal, Aliero da Jega ya san ba ta tsayawa a kan allon kwamfuta. Yau ɗalibin jami'ar Aliero ya kawo kwamfutarsa ta ƙi tashi, gobe manomin albasa ya kira ka famfonsa na sola ya tsaya. A haka kayan aiki suka taru mini, na sa mai walda ya haɗa kabad na ƙarfe, kafinta ya yi masa durowa biyar.

Da na je Jega sayen layin da durowar za ta riƙa tafiya a kai, sai na zaɓi irin wanda ke jan durowa ya rufe ta da kansa a hankali. A shago ya yi daɗin hannu ƙwarai. Hunturu ɗaya ya gama da shi. Ƙura ta shiga, durowa ta daina rufuwa, ta ƙasa kuma da na cika da batiran UPS ta lanƙwashe layinta, wata rana ta zame saura ƙiris ta sauka a kan ƙafata. Laifina ne. Na gwada shi babu kaya a ciki, tamkar wanda ya gwada manhaja da mutum ɗaya ya ce za ta ɗauki dubu.

Ra'ayina shi ne: a kabad ɗin aiki, nauyin da za a ɗora da ƙurar wurin su ne za su zaɓa maka layi. Santsin da ka ji a shago kyan ɗan maciji ne.

Layin durowa iri uku ne a wajenmu

Na farko shi ne na katako zalla, wanda kafintocinmu suka saba. Bai da abin lalacewa, ƙura ba ta dame shi ba, in ya fara cijewa ka goga masa kyandir. Sai dai in kaya sun yi nauyi, jansa sai da ƙarfi, kuma damina takan sa katako ya kumbura.

Na biyu shi ne farin nan mai 'yar tayar roba. Yana da araha, yana jure ƙura, amma durowa ba ta fitowa gaba ɗaya, kusan kashi uku cikin huɗu take fitowa. Abin da ke can ƙurya sai ka laluba. Ya dace da waya, fis, ƙananan noti da takardu.

Na uku shi ne mai ƙananan boris a ciki, mai hawa uku, wanda ke fito da durowa har ƙarshenta. Wanda faɗinsa ya kai milimita 45 yawanci ana rubuta masa kilo 35 zuwa 45 a kan guda biyun. Ƙaramin batirin UPS mai 12V 7Ah ya haura kilo 2, ka ga goma sha biyar sun wuce kilo 30, ba a ma lissafa nauyin durowar ba. Babban batirin sola mai ruwa, 100Ah, shi kaɗai yana kai wa kilo 30. Irinsa a ƙasa ake ajiye shi, ba a durowa ba.

Wani zai ce ai giris ɗin boris ma yana kama ƙura. Gaskiya ne. Shi ya sa ban ce a sa shi ko'ina ba. Ka sa shi a durowa biyu na ƙasa masu nauyi, ka sa kafinta ya yi fuskar durowa ta rufe bakin ramin, kuma idan hunturu ya wuce ka zare durowar, ka goge layin, ka sa sabon giris kaɗan. Amma mai rufe kansa, a bar wa ɗakin amarya.

Abu ɗaya da ke ɓata aikin tun ranar farko shi ne awo. Yawancin waɗannan layuka suna buƙatar sarari na milimita 12.7 a kowane gefe, wato rabin inci. Ke nan durowa za ta gaza faɗin ramin da inci ɗaya cif. Don haka ka sayi layin kafin kafinta ya yanka katako, ka miƙa masa a hannu ya auna.

Inda alanki ya shigo

Da yake kabad ɗina na ƙarfe ne, da ƙananan noti masu ramin alanki na ɗaure sabon layin, M4 masu gajeren kai don kada su tare hanya. A cikin ramin durowa hannu ba ya miƙewa, alankin da aka saba kuwa sai ya shiga a tsaye sak. Nan ne mai dunƙulen kai ya yi rana. Wani Ba'amurke, John Bondhus, ya ƙirƙiro shi a 1964, kuma yana juya noti ko da ka karkata shi har kusan digiri 25.

To amma dubi bayan dunƙulen nan da kyau, za ka ga wuyansa siriri ne, kuma ɗan wuri kaɗan yake taɓawa a cikin ramin notin. In ka matsa masa, ɗaya cikin biyu: ko ya cinye ramin ya zama zagaye, ko kan ya karye ya maƙale a ciki. Na taɓa cinye notin maƙalin farantin sola a gonar wani dattijo ta haka, aikin minti biyar ya kai mu la'asar, sai da aka nemo zarto.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Kwance noti mai tauri da ɗaurin ƙarshe aikin gajeren ɓangaren ne, mai kai a miƙe, shi za ka tura har ƙasan ramin, dogon ya zama mariƙi. Mai dunƙule aikinsa juyawa da sauri a tsakani. Kafin ka sa shi, ka ƙwaƙule ƙasar da ta cika ramin da allura, domin alankin da bai shiga sosai ba shi ne ke fara cin noti.

Ka kuma lura da lamba. Akwai alanki na milimita, akwai na inci, kuma sau da yawa a gauraye suke a tiren masu sayarwa. Na 3/16 inci milimita 4.76 ne, zai shiga ramin milimita 5 har ka ɗauka daidai ne, alhali yana wasa a ciki. Notin M5 mai dogon kai alanki 4 yake ci, M6 na cin 5, M8 da aka fi sa wa maƙalin sola na cin 6. Ka sayi saiti mai lamba a jiki, daga 1.5 zuwa 10.

Na san kuɗi sun yi wuya, kuma matashin da ya fara shago yana ƙirga kowace naira. Shi ya sa nake cewa kada a kashe su a kan ado. Layi mai boris guda biyu masu kauri, sauran na roba ko katako, da saitin alanki ɗaya na kirki, sun isa. Ranar da za ka je kasuwa, ka ɗora kayan durowar a sikelin mai hatsi, ka rubuta kilon a takarda, ka tafi da ita.