Sunan mota ba ya ɗaukar lodi

Jama'a, musamman iyayenmu mata masu ɗauko zogale da tumatir daga lambunan Jiratawa zuwa kasuwar Maraɗi, akwai wata magana da nake yawan ji a tasha wadda ba ta yi mini daɗi. Da an ce wa direba lodin nan ya yi yawa, sai ya ce, “Haba Hajiya, Peugeot ce fa.” To, wace Peugeot?

Wadda iyayenmu suka sani ita ce 504, da kamfanin PAN ya daɗe yana harhaɗawa a Kaduna. Doguwar cikinsu, wato mai layin kujeru uku, ƙarfe guda ne ya haɗa tayoyinta na baya, an ɗora shi a kan murɗaɗɗun sifirin guda huɗu. Akori-kurarta kuwa fale-falen ƙarfe aka jera mata. Shi ya sa ake labta mata buhunan gero ta bi hanyar Ɗan Isa ba ta ce uffan ba. Amma 406, wadda ta fito a 1995, kowace taya ta baya da nata hannuwan ƙarfe da robobi. An yi haka ne don ta kwanta a kwana, fasinja kuma ya ji laushi. A kan kwalta ta fi tsohuwar daɗin tuƙi, ban musa ba. Sai dai in aka danne ta da kaya, bayanta ya zauna, gabanta ya ɗaga, tayoyin baya su baje suna cinyewa ta ciki, sitiyari kuma ya yi sakwa-sakwa a hannun direba.

Haka Hiace. Wadda ta fito a 2004 injinta yana ƙarƙashin kujerar direba, amma ta 2019 an maida shi gaba, an kuma sake ƙafafunta na gaba baki ɗaya. Direban da ya shekara goma da waccan, in ya hau wannan, sai ya sake koyon yadda take shan kwana.

Abin da ya fi damuna shi ne dabarar ƙarin sifirin. Makanike ya ƙara fale biyu ko ya cusa wanda ya fi ƙarfi, mota ta miƙe, kowa ya ce ta yi ƙwari. Birkin fa? Yana nan yadda kamfani ya yi shi, tayoyin ma haka. In shokozoba ta mutu kuma, motar tana faɗa wa rami sai ta yi ta tsalle, kwandon tumatir na ƙasa ya zama miya tun ba a shiga gari ba. Asarar ta mai kaya ce, don direba ya riga ya karɓi kuɗinsa. Wannan ma ƙaramar asara ce idan aka tuna da motar da aka tula wa kaya a sama ta kife da mutane.

Masu adashi don sayen 'yar Kwatano, ku tambayi shekarar da aka ƙera ta, ku sa makanike ya leƙa ƙarƙashinta kafin ku biya. Ke kuma Hajiya, kina da ido. Kafin ki hau, dubi tayar baya. In ta shige cikin jikin motar har yatsu biyu ba sa shiga tsakani, ki ce wa kamasho ya sauke miki kayanki, ki jira ta gaba.