Uwargida, daga ina cefanenki ya fito?

Uwargida, idan kin shiga kasuwa kina tambayar “nawa ne?”. Daga yau ki ƙara da “daga ina aka kawo?”

Mu ɗauki misalin Jalingo. Garin Kona yana nan gefen birnin, a kan hanyar Lau, kuma manomansa na noma masara, dawa, gyaɗa da rogo. Abin da aka girbe a can ba ya yin doguwar tafiya kafin ya shiga tukunya. Amma kwandon tumatirin da aka ɗoro daga Kano sai ya ratsa Gombe da Numan, motar tana shan mai, tana zuba hayaƙin da yaranmu ke shaƙa, wanda kuma ke ƙara ɗumamar yanayi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin wannan tafiya a aljihun maigida yake ƙarewa.

Ga kuma asara. Kafin mota ta iso, na ƙasan kwando ya dame. Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2011 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin duniya salwanta yake yi. Duk tumatirin da ya ruɓe, ruwa da taki da gumin manomi ne suka tafi a banza.

Sai dai kusa ba ta nufin lafiya. Ki tambayi mai wake da me ya adana shi. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa. Abin da Bature ya ƙi, mu ne muke dafa wa yara. Wanda aka ajiye a buhu mai leda biyu ko durom mai murfi ba ya buƙatar guba.

Saboda haka ki bi lokaci. Damina ta kuɓewa ce da yakuwa da alayyahu. Idan tumatir ya yi araha da rani, ki yanka ki shanya kauɗa. Ki tafi kasuwa da kwandonki, ki rage ledar da ke toshe magudanan ruwa. Ki dafa daidai bakin gida, sauran tuwo a yi ɗumame.

Maigida, idan kai ke cefane, da kai ma muke. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.